Ƙafar Baban Rahila

Ina gaishe ku, iyayena mata da 'yan'uwana, a cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tara mu a ƙarƙashin wannan rumfa. Waɗanda suka zo daga nesa, sannunku da hanya. Sunana Saratu, amma a garinmu Maman Rahila ake kirana. Daga wani ƙauye nake a bakin kogi, kusa da Mai Wurno, kuma sana'ata kisra ce, gurasar nan ta ƙullin dawa mai faɗi marar kauri: in yi da sassafe, in kai kasuwa, in sayar. An ce in tashi in ba da shaida. To, zan bayar, amma ina gaya muku tun yanzu ba mai daɗin ji ba ce. Wadda cikinta ba shi da ƙarfi ta yi haƙuri da ni. Na kuma gode wa Allah da taron nan na mata ne zalla, domin akwai abin da ba zan iya faɗa a gaban maza ba.

Kun san yadda zamanmu yake. Garin duka Hausawa ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, amma masu bin Yesu 'yan gidaje ne kawai. Maƙwabtanmu Musulmi mutanen kirki ne, ba zan ɓata su ba. Sai dai tun ina yarinya akwai maganar da nake ji a bakin yara, wai Nasara ba su san tsarki ba, wai ko wanka ba ma yi yadda ya kamata. Maganar nan ta zauna mini a rai. Na ce to, za su gani.

Kuma sun gani. Da na yi aure, babu tsakar gidan da ta kai tawa shara a unguwar. Tukwanena sai na goge su da toka har mutum ya ga fuskarsa. Kaskon kisrata ko ƙuda ba ya sauka a kai. Matan da ba sa cin abincin kowa, ni suke aiko wa a sayo musu. In na ji ana cewa kisrar Banasariyar nan ta fi ta kowa tsabta, sai in ji kaina ya yi girma, in ce ga shi nan ina ɗaukaka sunan Ubangiji. A nawa tunanin, Allah mai tsarki ne, ni kuma ina nuna wa mutane halinsa da tsintsiya da sabulu. Tsarki da tsabta na cuɗa su wuri ɗaya, ban san akwai bambanci ba.

Maigidana Ishaya, Baban Rahila, manomi ne. Yana da ɗan fili a bakin kogi inda yake shuka albasa da kuɓewa. Mutum ne mai sanyin hali da barkwanci, irin wanda in na tashi da faɗa sai ya tambaye ni ko zan sha shayi tukuna sannan in ƙarasa. A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garinmu ne ƙaya ta soke shi a tafin ƙafar hagu, yana sharar gona ba takalmi. Ƙaya dai! Wa bai taɓa taka ƙaya ba a ƙasar nan? Ya zare ta, ya shafa yawu, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan wani lokaci wurin ya yi ɗan ƙulli, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Shekara ta zagayo, ƙullin ya ƙara girma. Tsofaffi suka duba suka ce nabit ne, cutar nan da ƙaya take shigarwa ta tsiro a cikin nama. Wasunku sun san ta. Aka kai shi wajen mai lalas, ya ƙona wurin da jan ƙarfe, a banza. Ƙafar ta kumbura har ta daina shiga kowane irin takalmi, ta yi huji huji, kowane huji yana tsiyayar ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar riɗin da ya ƙone. Tun ranar da na ga ƙwayoyin nan a kan tabarma ban ƙara cin riɗi ba, har yau.

Daga baya wari ya zo. Ba zan kwatanta muku shi ba, kun ci abinci. Wari ne mai shiga tufa, ya shiga bango, har ruwan randa sai in ji yana yi. Ƙudaje suka gano gidanmu, irin manya-manyan nan masu kore. Ni Saratu, gidana da ƙuda! In na shiga ɗaki na ga sun yi baƙi a kan tsumman ƙafarsa, sai yawu ya cika mini baki, in fito da gudu.

Na mayar da shi ɗakin da ke bayan gida, kusa da garken awaki, na ce masa wai ya fi iska. Na ware masa kwano da kofi. Abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa in yi gyaran murya in juya. Shi yake wanke ƙafarsa da kansa, shi yake ɗaurewa, tsummokaran da ya cire kuma da sanda nake ɗauka in kai wuta. Rahila, 'yarmu tilo, tana aure a Rufa'a da goyo a bayanta, ban gaya mata gaskiyar yadda abin ya kai ba. Hannuwana kuwa na wanke su da toka da sabulu har suka tsage suna jini. Abinci ya ƙi wucewa a maƙogwarona, in na kai loma sai in tuna da ƙwayoyin nan. Na rame na zama ƙashi.

Ran Lahadi a sujada sai mata su kewaye ni suna cewa dubi yadda jinya ta cinye Maman Rahila, Allah ya ba mu haƙuri irin nata. Har a addu'a ana ambatona a matsayin abin koyi. Tir! Jinyar me? Ban taɓa ƙafar nan ba ko da ɗan yatsa. Amma sai in sunkuyar da kai in ce sai godiya, in karɓi yabon in haɗiye. Abin da ya fi wannan ƙazanta ban san shi ba.

Mun je birnin Sinnar wajen likita. Ya duba, ya ɗauki hoto, ya ce abin ya ci ƙashi, ya wuce magani, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa. Ya ce in aka ƙara jinkiri zai hau sama, ruɓar ta shiga jini, daga nan kuma babu abin da kowa zai iya. Baban Rahila ya ce a bar shi ya yi tunani, manomi da ƙafa ɗaya ba ƙaramar magana ba ce. A motar dawowa mutane suka riƙa toshe hanci, mata suna jan mayafi suna tsaki, wani ya ce a buɗe taga ko a sauke mai mushen nan. Kun san inda nake? Na zauna can gaba, na juya fuskata waje, kamar ban san shi ba. Shi kuwa yana ta ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Ba a daɗe ba, wata rana a kasuwa, wata mai sayen kisra ta ɗaga hanci ta ce me ke wari a nan. Mai yiwuwa masu kifin da ke gefena ne, Allah ne masani. Amma ni zuciyata ta yanke. Na ce shi ke nan, warin ya shiga fatata, ina yawo da shi. Na koma gida na yi wanka, na sake yi, ina sansana hannuna ina jin shi. Sai na tuna da ramin duhan.

Ku mata ne, ba sai na yi dogon bayani ba. Duhan, turaren tsugunon nan na ƙasarmu, wanda mace take zuba itacen ɗalhi a rami, ta shafa mai, ta lulluɓa da bargo ta zauna hayaƙi ya ratsa ta. Kun kuma san abin da yake nufi. Matar aure ba ta zama a kan ramin nan don ta je kasuwa. In hayaƙin ɗalhi ya tashi daga wani gida, duk unguwa ta san maigidan nan ana nemansa. Ni tun da ciwon nan ya yi tsanani na rufe ramina da murfin tukunya. Ran nan da la'asar na buɗe shi, ban yi tunanin komai ba sai in ƙone warin nan daga jikina.

Ina zaune hayaƙi yana tashi, sai Hajja Asha'u ta leƙo ta kan katanga. Maƙwabciyata ce, tsohuwa, ta girmi mahaifiyata, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Ta yi dariya ta ce ashe amarya ta dawo gidan Ishaya, Allah ya sa albarka, ita dama ta san mai haƙuri ce ni. Na ce Hajja ki bari, ba haka ba ne. Ta ce yo ta yaya ne, ta haifi tara, ni zan koya mata ma'anar hayaƙi? Ta sauka tana dariya. Ko a lokacin ban farga ba. Ban tuna cewa iskar da ta kai hayaƙin gidan Hajja ta kai shi ɗakin bayan gida ba.

Na gama, na shiga ɗakina ina shan iska. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Sai na ji ƙarar sanda a tsakar gida, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Na ɗaga labule. Baban Rahila ne. Ya yi wanka, ya yi aski da kansa har ya yanki haɓarsa. Ya sa farar jallabiyarsa ta Kirsimeti. Ƙafar ya naɗe ta da sabon ƙyalle, ashe rawaninsa ya yaga. Yana tsaye a ƙofata yana murmushi kamar saurayin da ya zo zance, kunya ta kama shi.

Ya ce, "Saratu, na ji hayaƙi. Na ɗauka kin manta da ni."

Ya ɗaga ƙafar ya shigo da ita ɗakina. Warin ya haɗu da ƙanshin ɗalhi da man da na shafa, cikina ya juya, na yi amai a nan gabansa, har ya fallatsa a bakin jallabiyar. Da ma a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma haushi ya kama ni, na goge bakina na ce, "Ba don kai na yi ba. Warinka nake korewa daga jikina."

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi, da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Ya dubi jallabiyarsa, ya dube ni, ya ce, "To. Ma'alesh, ki yi haƙuri. Ni na yi kuskure." Ya juya. Na ji sandar nan tana tafiya har ta yi shiru.

Washegari kafin in dawo daga kasuwa ya tafi. Ya roƙi wani mai keken jaki ya kai shi filinsa na bakin kogi, inda yake da 'yar rumfar kara. Ya bar saƙo wai ɓarayi suna damun albasa, zai zauna ya yi gadi. Albasar da ko kai ba ta fara yi ba! Maganar Sinnar kuwa, ya gaya wa mai keken cewa ya gama tunani, ba za a yanke ba, a bar abin ya ƙarasa aikinsa.

Kuna tsammani na bi shi? Ban bi shi ba. Na shiga ɗakin nan na bayan gida na fitar da tabarmarsa na ƙone, na kankare ƙasa, na zuba sabon yashi, na shafe bango da farar ƙasa. Ran nan na ci tuwo na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba. Na yi barci mai daɗi. Mijina yana can yana jiran mutuwa a rumfar kara, ni ina nan ina jin daɗin iskar gidana. In na tuna da ƙoshin nan har yanzu sai in ji kamar in tofar da yawu a kaina.

Abinci nake aika masa da masu zuwa lambu. Ran Lahadi na ce wa 'yan'uwa yana bakin kogi yana hutawa, suka ce madalla, iskar kogi tana da kyau ga mara lafiya.

Hajja Asha'u ce ta fasa mini. Ta je tsinkar ganyen rama a bakin kogi, ta bi ta wajen rumfarsa. Da ta dawo ba ta leƙo ta katanga ba, ta ƙofa ta shigo, ta zauna a kan gadon igiyata ba tare da na ce ta zauna ba. Ta ce ta ga Ishaya. Ta ce abincin da nake aikawa karnuka ne suke ci. Ta ce ya daina ɗaure ƙafar, tsutsa ta shiga, zazzaɓi yana kaɗa shi, kuma da ta ce zai mutu in bai je asibiti ba, sai ya ce mata in an yanke ɗin gidan wa zai koma. Na fara kawo dalilai, na ce Hajja ke ba ki san yadda cikina yake ba, ni Allah ya yi ni ba na jure ƙazanta.

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ni ban san littahinku ba. Amma mu ma mun san Annabi Isa shina warkar da kutare. Ina tambaya, daga bakin ƙohwa yake aje musu maganin shi gudu?"

Ta tashi ta fita. Na ji haushinta ƙwarai. Na ce a raina, ji tsohuwar nan, ita za ta koya mini Yesu? Na ɗauki tsintsiya na share inda ta taka, don in huce. Amma tambayar ta ƙi fita daga kunnena.

Na shiga ɗakin da na shafe da farar ƙasa, na durƙusa a kan sabon yashin. Addu'ata ta farko ba ta ladabi ba ce. Na ce Ubangiji, kai ka yi mini wannan hanci, kai ka yi mini wannan ciki, in kana so in je to ka cire su. Na ce shekara da shekaru ina wanke sunanka a garin nan, yanzu kana so a ce matar nan da hannun da take taɓa ruɓa take yin kisra? Na yi ta magana, na yi kuka, na yi shiru. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da ya faru shi ne, ina durƙushe a ɗaki mafi tsabta a garin, sai na ga kaina. Na ga matar da ta juya fuska a mota, wadda ta karɓi yabon ƙarya a gidan Allah, wadda ta ci ta ƙoshi ranar da mijinta ya tafi mutuwa. Na ji ƙyamar matar nan fiye da yadda na taɓa jin ƙyamar ƙafar. Sai wani tunani ya zo mini a sarari: Yesu ya san duk wannan tun kafin ni in sani, yana jin warinsa kullum, kuma bai taɓa ware mini kwano ba. Shi da ya fi kowa tsarki, shi ne ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutanen da suka yini suna taka ƙasa. Ashe tsarkinsa ba ya gudun ƙazanta, zuwa yake ya same ta. Ni kuwa abin da nake nuna wa gari duk shekarun nan ba halinsa ba ne, tsorona ne na kada a raina ni.

Na ce Ubangiji ka gafarta mini. Na ce ba zan ƙara roƙon ka cire hancin ba, ka dai riƙe mini hannu kada in gudu.

Na tashi na dafa ruwa da gishiri, na zuba a jarka. Na ɗauki tasar da nake kwaɓa ƙullin kisra, don ita ce babba a gidan, na yayyaga zanen gadona, na kama hanyar kogi da rana tsaka.

Tun kafin in ga rumfar na ji shi. Na tsaya a bakin kwalbatin ruwa na yi amai. Na kurkure baki na ci gaba. Yana kwance a kan buhu, idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, ƙafar a buɗe. Abin da Hajja ta faɗa gaskiya ne, har ta rage. Da ya gan ni sai ya jawo buhu zai rufe ta. Ya ce in koma, wurin nan bai dace da ni ba, ba ya so in sake wahala. Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake.

Na zauna a ƙasa, na ɗaga ƙafar da hannu biyu na ɗora a cinyata. Tana da zafi, tana da nauyi, tana danshi. Ruwan ya jiƙa zanena har na ji shi a fata. Na fara zuba ruwan gishiri, tsutsotsin suna fitowa suna faɗawa cikin tasa, waɗanda suka maƙale na cire su da tsinke. Na juya kai na yi amai, na juyo na ci gaba. Na sake juyawa, na sake juyowa. Shi yana ta cewa ya isa, Saratu, ya isa haka. Da ya ga ba zan bari ba sai ya rufe fuskarsa da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin kukansa ba sai ran nan.

Ban koma gida ba. Na zauna a rumfar nan ina wankewa safe da yamma, ina ba shi kunu a baki. Na roƙe shi gafarar maganar da na faɗa masa, ya ce ya yafe, amma na ga bai gaskata zaman nawa mai ɗorewa ne ba. Yana jira ya ga ranar da zan gaji. Ban matsa masa da maganar asibiti ba, ko da yake ina ganin kumburin yana hawa, zuciyata tana tsinkewa. Wata safiya ina ɗaure masa ƙafar, shi da kansa ya ce in nemo mai keken jaki.

Daga Sinnar aka tura mu babban asibitin Madani. Wannan karon a mota kusa da shi na zauna, ƙafar a kan cinyata don kada kujera ta buge ta. Aka yi tsaki, aka toshe hanci. Wata ta tambaya da Larabci wai wa ya shigo da wannan, na ce mijina ne, in tana da magana ta yi da ni. Likitoci suka ce mun zo a ƙurarren lokaci, ba za a iya tsayawa a ƙasan gwiwa ba kuma, sai a sama. Wannan gwiwar da ya rasa, jinkirin da na jawo ne ya ci ta, kuma na san da haka.

Aka shiga da shi. Ina zaune a baranda sai wani ma'aikaci ya fito da abu a naɗe cikin leda, yana tambaya ina mazan gidan mara lafiyar nan, su karɓi ƙafar su je su binne kamar yadda aka saba. Na ce babu namiji, ni ce. Ya dube ni ya ce in ba zan iya ba su suna da inda suke ƙonewa. Na ce miƙo.

Ban san ƙafar mutum tana da nauyi haka ba. Na kai ta bayan ginin inda akwai famfo, na kwance ledar, na wanke ta sarai, har tsakanin yatsu. Na cire mayafina na naɗe ta. Na tari raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, na rungume ta a ƙirji har maƙabartar masu bi da ke gefen gari. Mai gadin wurin ya haƙa mini ɗan rami, na sa ta da hannuna, na yi addu'a, na mayar da ƙasa. Na dawo asibiti kaina ba mayafi, mutane suna kallona.

Da ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon inda zanen gado ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Sannan ya tambaye ni ina suka jefar da ita. Na ce ba a jefar ba, na wanke ta, na naɗe, na binne.

Ya ce, "Ke da kanki?"

Na ce, "Ni da kaina."

Ya ce, "Kin yi amai?"

Na ce, "Har mai gadin maƙabarta ya ba ni ruwa."

Ya fara dariya, ɗinkin ya ja shi, ya dafe. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To sauran fa? Wannan da ya rage, za ki kai shi gida?"

Na ce, "Shi na zo ɗauka."

Yana gida yanzu haka, 'yan'uwa, da ransa da lafiyarsa, yana saƙa igiyar gadaje a ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa. Ku taya ni gode wa Yesu! Allah bai cire mini hanci ba, har gobe in na ji wari cikina yana juyawa. Wasu daga cikin masu sayen kisrata sun daina, labari ya kai musu, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ƙyama ba ta mulkina kuma, Ubangiji ya kwance ni. Ina roƙonku, in akwai wanda jikinki yake gudunsa, kada ki jira sai ranar da zuciyarki ta daina tashi, ranar nan ba lalle ta zo ba, mutumin kuma ba zai jira ki har abada ba. Ki dogara ga Yesu, ki tafi da tashin zuciyar taki, zai riƙe miki hannu kamar yadda ya riƙe nawa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.